SHANYAR FIRAM DA JIGILARSA: INDA RIBAR MASU BUGUN RIGUNA TAKE ZURAREWA

Duk wanda ya fita daga birnin Bauchi ya kama hanyar Gombe, ba zai yi nisa ba zai iso Inkil. A da ƙauyen manoma ne a bayan gari, amma tun daga 1976 da Bauchi ta zama hedkwatar jiha birnin bai daina faɗaɗa ba, har sababbin gidaje suka miƙe ta wannan fuska. Inda jama'a suka taru kuwa makarantu sukan biyo baya, na boko da na Islamiyya, sa'an nan ƙungiyoyin ƙwallo da na matasa da ofisoshin jam'iyyu. Dukansu kuwa akwai bukata guda da ta haɗa su, watau riga ko hula ko ƙyalle mai ɗauke da suna da tambari. Wannan bukata ita ce take ciyar da masu sana'ar bugun zane ta raga, wadda aka fi sani da sikirin firintin.

Galibin mutane suna zaton gwanintar wannan sana'a duk tana wajen jan tawada ne, domin shi ne abin da mai wucewa yake gani a ƙofar shago. Amma wanda ya daɗe a cikinta ya san cewa kafin a buga riga ta farko an riga an ci riba ko an faɗi. Abubuwa biyu ne suka fi yanke wannan hukunci, kuma dukansu ba a cika kula da su ba: yadda ake shanya firam, da yadda ake ɗaukarsa daga wannan kusurwa ta shago zuwa waccan.

YADDA AIKIN YAKE

Domin mai karatu ya gane inda matsalar take, ya kamata a fara bayyana aikin a taƙaice. Firam katako ne ko alminiyam mai kusurwa huɗu, an ɗame masa raga mai ƙananan idanu, tamkar rariyar tankaɗe. Wanda aka fi amfani da shi wajen riguna yana da faɗin inci 20 da tsawon inci 24. Ragar ma iri-iri ce. Mai zare 43 a cikin santimita guda ita ce ta riguna, domin tana barin tawada ta wuce da kauri, mai zare 90 ko 120 kuwa ta sitika ce da takarda da sauran ayyuka masu ƙananan haruffa.

Ana shafe ragar da wani magani mai kauri kamar kunu, wanda ake kira emolshan a kasuwa. Halinsa shi ne, idan ya bushe hasken rana ko na fitila mai ƙarfi ya taɓa shi, sai ya sandare, ruwa ba ya narkar da shi kuma. To, sai a ɗora baƙin zane da aka buga a kan fim ko takarda mai shara-shara, a danne da gilashi, a haska. Inda baƙin ya kare, maganin bai sandare ba, da an fesa ruwa sai ya zube ya bar idanun ragar a buɗe. Ta nan ne tawada take bi ta sauka a kan riga idan aka ja ta da roba. Kowane launi yana bukatar firam nasa, saboda haka tambari mai launi uku firam uku ke nan.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Masana tarihi suna danganta asalinta da ƙasar Sin a zamanin daular Song, tsakanin 960 da 1279, daga baya mutanen Japan suka kyautata ta. A 1907 wani Bature mai suna Samuel Simon na birnin Manchester a Ingila ya yi rajistar hanyar bugu ta ragar siliki. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu zaren roba ya maye gurbin silikin. A shekarun 1960 wani Ba'amurke, Michael Vasilantone, ya ƙera teburin bugun riguna mai juyawa wanda yake ɗaukar firam da yawa a lokaci guda, a 1963 kuma kamfanin Stork na ƙasar Holan ya fito da raga mai siffar ganga wadda manyan masaƙu suke buga atamfa da ita. A nan gida ma masu rini na Abeokuta sun daɗe suna huda falankin kwano suna fitar da zanen adire da ƙullun rogo, wanda shi ma ɗan'uwan wannan aiki ne.

SHANYA UKU

A kowane aiki guda firam yakan jiƙe sau uku, dole kuma ya bushe sau uku, kowace shanya da ƙa'idarta.

Ta farko ita ce bayan an wanke tsohon zane an kuma wanke maiƙo. A nan ana jingine firam a tsaye domin ruwa ya tsane, a wurin da ba ƙura. Daga wannan lokaci ba a taɓa ragar da hannu, domin maiƙon yatsa guda ya isa ya sa maganin ya ƙi kamawa a wurin, ya bar tabo kamar idon kifi. Kusurwoyin firam su ne suke ɓoye ruwa. Sau da yawa raga takan bushe sarai, amma da an fara shafe sai ɗigo ɗaya ya gangaro daga kusurwa ya ja layi tun daga sama har ƙasa.

Ta biyu ita ce bayan shafe, kuma ita ce uwa uba. Rabin emolshan ko fiye da haka ruwa ne, dole kuwa ruwan nan ya fita duka kafin a haska. Ana shanya firam a kwance, a cikin duhu ko ƙarƙashin ƙwai mai launin rawaya, ɓangaren da zai taɓa riga yana kallon ƙasa, an tallafe gefunansa yadda ragar ba ta taɓa komai. Dalili kuwa shi ne nauyin maganin zai ja shi zuwa ɓangaren riga, inda ake bukatar kaurinsa domin bakin haruffa ya fito a tsaye. Idan aka jingine shi a bango, maganin yakan zurara ya taru a ƙasa, sama ta yi sirara, ƙasa ta yi kauri, hasken da ya ishi wannan ya yi wa wancan kaɗan.

Kamfanonin da suke yin wannan magani sun yi ittifaƙi a kan ma'auni biyu. Zafin wurin shanya kada ya wuce digiri 40 a ma'aunin santigirad, laimar iska kuma ta kasance tsakanin kashi 30 da 40 cikin 100, in ta yi yawa kada ta wuce 50. A irin wannan yanayi, tare da iska mai motsi, firam yakan bushe cikin sa'a guda ko ƙasa da haka. Idan zafi ya wuce ƙima, maganin yakan fara sandarewa tun bai ga haske ba, sai a yi ta fesa ruwa zane ya ƙi buɗewa. Idan kuma laima ta yi yawa, fuska takan bushe ciki yana ɗanye. Hasken ba zai iya ƙulla maganin yadda ya kamata ba, sai a sami zanen da ya yi kyau a ido, amma ana cikin bugu ya soma ɓarewa.

Ta uku ita ce bayan an haska an wanke zane ya fito. Wannan ita ce mai sauƙi, domin haske ba ya yi mata lahani kuma. Ana tsane ruwan da takarda marar rubutu, a danna a hankali ba tare da gogawa ba, domin kada ragowar maganin ta bushe a cikin idanun da aka buɗe ta toshe su. Daga nan ana iya kai shi rana, wadda ma takan ƙara wa wasu irin emolshan ƙarfi.

DAMINA DA HUNTURU

Abin da ya sa wannan magana ta fi shafar mai shago a Inkil ko Kano ko Zariya fiye da takwaransa na Turai shi ne yanayi. Lokatan da aiki ya fi yawa su ne kuma lokatan da shanya ta fi wuya.

Makarantu suna buɗe sabuwar shekarar karatu a watan Satumba. Saboda haka a Agusta da farkon Satumba ne ake kawo aikin bajo da rigunan wasanni da jakunkuna. A ƙasar Bauchi kuwa Agusta shi ne tsakiyar damina, ruwa ba ya ɗaukewa, bango yana gumi, gishiri ma yana jiƙewa a kwano. Firam da aka shafe da yamma aka jingine a lungu, ana iya wayar gari a tarar yana danƙo. Yaron shago ya taɓa da yatsa ya ji kamar ya bushe, a ɗora fim, a haska, wajen ɗagawa sai baƙin fim ɗin ya manne a jikin maganin. An yi asarar fim, an yi asarar magani, an yi asarar wuni.

Lokaci na biyu shi ne hunturu. Gasar wasanni ta gidaje a makarantu takan faɗo a zango na biyu, tsakanin Janairu da Maris. Zaɓen ƙasa ma haka. A 2023 an yi na shugaban ƙasa ran 25 ga Fabrairu, na gwamnoni kuma ran 18 ga Maris, watau da yawa daga bugun riguna da huluna da tutocin yaƙin neman zaɓe a cikin hazo aka yi shi. A wannan lokaci laima takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, firam yana bushewa nan da nan. Amma ƙura ce take shiga ta kowace kafa, balle shagon da yake bakin babbar hanya inda manyan motoci suke wucewa dare da rana. Ƙwayar ƙura guda da ta sauka a kan ɗanyen magani takan zama ƙaramar huda, tawada ta bi ta nan ta ɗiga a kan farar riga. Ɗigo guda a wuri guda a kan riguna 100, ba mai makarantar da zai karɓa da daɗin rai.

Tsakanin waɗannan biyu akwai bazara. A Maris da Afrilu zafin Bauchi yakan kusanci digiri 40 a inuwa, a ƙarƙashin rufin kwano marar silin kuwa ya zarce. Firam da aka shafe aka ajiye kusa da rufi yana iya lalacewa kafin la'asar. Maganin da ke cikin roba ma yana shan wahala. Irin wanda ake haɗawa da garin diyazo yakan yi mako 4 zuwa 6 bayan haɗi idan yana wuri mai sanyi, amma zafi yana rage masa kwana ƙwarai. Wanda ba shi da firji, gindin randa ya fi masa kan kanta.

Daɗin daɗawa ga matsalar wuta. Bauchi tana cikin jihohi huɗu da kamfanin rarraba wutar lantarki na Jos yake kula da su tun bayan sayar da kamfanonin wuta a 2013, tare da Filato da Binuwai da Gombe. A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda a cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuma, tayar da janareta domin fanka guda ta busar da firam biyu ya zama abin da sai an yi lissafi. Ashe ke nan duk dabarar da za ta amfani ƙaramin shago, dole ta zama mai cin wuta kaɗan.

AKWATIN SHANYA

Manyan ma'aikatu suna da ɗaki na musamman mai na'urar tsotse laima. Ƙaramin shago ba ya bukatar kai wa nan. Abin da yake bukata akwati ne wanda kowane kafinta a Bauchi zai iya haɗawa da falankin katako.

Ana yin sa daidai da girman firam mafi girma a shagon, a bar ɗan sarari ta kowane gefe domin iska. A ciki ana kafa sanduna biyu-biyu, dama da hagu, hawa-hawa, tsakanin kowane hawa inci 2 zuwa 3, yadda firam zai shiga kamar aljihun tebur, gefunansa kaɗai suna kan sanda. Akwati mai tsawon ƙafa 3 zai ɗauki firam 10 ba tare da matsi ba. Ƙofa a liƙa mata soso a baki domin haske da ƙura. A gefe guda ana huda kafa a ɗaura ƙaramar fanka mai tura iska ciki, a gabanta a sa matata ta soso ko yadi mai laushi ninki biyu. A ɗaya gefen a huda kafar fita, a yi mata lanƙwasa yadda iska za ta wuce haske bai shiga ba.

Hikimar sa fanka ta tura ciki ita ce, iskar da ke cikin akwatin za ta riƙa neman hanyar fita ta kowace tsaga, saboda haka ƙura ba ta samun hanyar shiga sai ta matata. Idan aka juya fankar tana zuƙowa waje, kowace tsaga ta zama ƙofar ƙura. Fankar da ake cirowa daga tsohuwar kwamfuta mai aiki da bolt 12 ta wadatar, batirin sola ƙarami kuwa zai riƙe ta dare guda.

Da damina iska kaɗai ba ta isa ba, sai an ɗan ɗumama ta. Ƙa'ida ce sananniya cewa idan aka ƙara wa iska zafi da digiri 10, laimarta takan ragu da kusan rabi. Iskar Agusta mai digiri 25 da laima kashi 85, idan ta kai digiri 35 laimar za ta sauko wajen kashi 48, watau ta shigo cikin ƙa'ida. Ƙaramin hita ko ƙwan fitila mai zafi da aka kange haskensa zai yi wannan aiki, muddin akwai ma'aunin zafi a rataye a ciki. Akwai ƙaramin agogo mai nuna zafi da laima tare, kuɗinsa bai kai na robar emolshan guda ba. Da shi mai shago ya huta da canke.

Akwai kuskure guda da yake rushe amfanin akwatin duka, watau a cusa firam da aka wanke yanzu yana ɗigar ruwa tare da waɗanda aka shafe. Busasshen emolshan yana shan laima daga iska kamar yadda gari yake sha, sai wanda ya riga ya bushe ya koma ɗanye. Jiƙaƙƙe da busasshe ba sa kwana ɗaki guda. Haka kuma idan za a ƙara sabon shafe a kan waɗanda suka soma bushewa, a sa shi a hawan ƙasa domin kada ya ɗiga a kansu.

Wasu sukan ɗauki na'urar busar da gashi su kara a jikin raga domin sauri. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa. Zafin da take fitarwa ya wuce digiri 40 nesa ba kusa ba, yana busar da fuska ya kulle ruwa a ciki, yana kuma feso ƙura. Kusantar da firam ga risho ko garwashi kuwa ganganci ne, domin shagon bugu ba ya rabo da kananzir da tina.

JIGILA

Abu na biyu shi ne ɗauka. A shekarun farko na ƙarni na 20 wani Ba'amurke mai suna Frank Gilbreth ya zauna ya lura da magina, ya ga cewa kafin a ɗora bulo guda ana yin motsi 18, yawancinsu sunkuyo ne da juyi da neman kaya. Da ya gyara wurin ajiye bulo da kwaɓi, motsin ya koma 5. Bayan shekaru, Taiichi Ohno na kamfanin Toyota a Japan ya lissafa ɓarna iri bakwai a ma'aikata, a cikinsu akwai jira da jigila da motsin da ba shi da amfani. Ko da yake maganar manyan ma'aikatu suke yi, ta dace da shago mai ɗaki biyu.

A ɗauki misali. Firam guda yana tashi daga wurin wanki zuwa shanya, zuwa wurin shafe, zuwa akwati, zuwa haske, ya koma wanki, ya koma shanya, ya hau teburin bugu, ya sake dawowa wanki. Tafiya 8 ke nan. Shagon da yake sarrafa firam 10 a wuni, idan ɗaya-ɗaya ake ɗauka, an yi tafiya 80. In kowace tafiya zuwa da dawowa mita 20 ce, yaron shago ya taka mita 1,600 bai buga ko riga guda ba. Kowace ɗauka kuwa dama ce ta haɗari: kusurwar wani firam ta soki raga, ko ƙusa a bakin ƙofa ta yage ta, ko yatsa ya taɓa, ko hasken taga ya faɗa a kan wanda aka shafe.

Maganin wannan kanta ce mai taya, wadda mai walda zai haɗa da ƙarfen kwana da tayoyi huɗu, biyu daga ciki masu birki. Ana yi mata hawa-hawa irin na akwatin shanya, da ma'auni guda, har ma wasu sukan yi akwatin yadda kantar za ta shige cikinsa gaba ɗaya a rufe ƙofa. Da ita firam 10 suna tafiya tare. Kai wa haske da komowa wanki ne kaɗai dole a yi ɗaya bayan ɗaya, watau tafiya 20, sauran matakai shida kuwa tafiya ɗai-ɗai. Tamanin ta koma 26. Sharaɗin kawai shi ne daɓe ya zama sumul, ba tudu a bakin ƙofa. Idan za a bi da ita ta wurin haske, a lulluɓe ta da baƙin yadi mai kauri.

Tsarin shagon kansa ya fi kantar muhimmanci. Ya kamata aiki ya riƙa tafiya ta fuska guda kamar ruwa a kwata, kada mai ɗauke da jiƙaƙƙen firam ya yi karo da mai ɗauke da busasshe. Wurin wanki ya kasance a waje ko a bayan shago, nesa da akwatin shanya. Wurin shafe da akwati su zauna ɗaki guda mai duhu, wurin haskawa kuma a bakin ƙofarsa. Ga masu haskawa da rana wannan ya zama wajibi, domin da tsakar rana a Arewa daƙiƙoƙi kaɗan suna iya bambanta zane mai kyau da wanda ya ƙone. Ana shirya fim da gilashi tun a ɗaki, a rufe, sai an isa wurin a yaye.

Shara ma tana da lokacinta. Tsintsiya a busasshen daɓe da hunturu ba ta kawar da ƙura, tayar da ita take yi. Ɗakin shafe da tsumma mai laima ake goge shi, da sassafe, a bari ya bushe kafin a buɗe robar magani.

Sa'an nan kowane firam a rubuta masa shaida a gefe: lambar raga, ranar shafe, da sunan aiki. Wanda aka fara shafewa shi za a fara haskawa. Firam da aka shafe da emolshan na zamani yana iya yin mako guda ko fiye a akwati mai duhu da sanyi bai lalace ba. Wannan ya ba mai shago damar ya shafe goma a ranar da yanayi ya yi kyau, ko da dare lokacin da aka kawo wuta, ya ajiye. Idan mai aiki ya zo da gaggawa, ba a fara daga wanki ba, daga haske za a fara.

Firam na katako yana da araha, amma yana shan ruwa ya kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, har ya karkace ragar ta saki. Idan raga ta saki, launi na biyu ba zai hau daidai kan na farko ba. Wanda bai kai ga sayen na alminiyam ba, ya shafe katakon da banish tun yana sabo, kada kuma ya bar shi kwance cikin ruwa.

ABIN DA YAKE CIKIN HAƊARI

Kada mai karatu ya ɗauka waɗannan ƙananan al'amura ne. A ce mai shago ya karɓi riguna 300 na wata makaranta, launi uku a gaba, ɗaya a baya, da alkawarin ranar Litinin. Ana kan riga ta 80 sai zanen firam guda ya ɓare saboda bai bushe ba aka haska. Dole a tsaya, a wanke, a shanya, a shafe, a sake shanya, a haska, a sake shanya. Da damina, ba akwati, wuni guda ya tafi. Rigunan da suka ɓaci kafin a lura, daga aljihunsa zai sayi madadinsu. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne saɓa alkawari, domin mai makaranta ba zai dawo baɗi ba, zai kuma gaya wa 'yan'uwansa.

Ga shi kuwa sana'ar ta sami kishiya. Manyan injuna masu aiki da kwamfuta sun riga sun ƙwace aikin allunan talla da fastoci, yanzu kuma akwai masu buga hoto a kan leda a manna wa riga da zafi, ba firam ba shanya. Inda bugun raga ya fi su har gobe shi ne aiki mai yawa, domin wahalarsa duk a shirya firam take, da an shirya kuwa riga ta 500 ba ta cin komai sai tawada, ga shi zanen yana jure wanki. Amma wannan fifiko yana tabbata ne idan an shirya firam sau ɗaya ya kai ƙarshen aiki. Wanda yake shirya shi sau biyu ya miƙa wa kishiyar kasuwarsa da hannunsa.

Akwai kuma lafiyar yaran da suke koyon sana'ar, domin su ne masu wanki da ɗauka. Har yanzu akwai masu amfani da tsohon haɗi na gam da garin baikuromet mai ruwan lemo saboda araha. Wannan gari guba ne, yana cin fata, yana kuma cikin abubuwan da likitoci suka tabbatar suna jawo ciwon daji. Firam da aka shafe da shi ba ya ajiyuwa, a ranar ake haska shi. Wanda ya zama dole ya taɓa shi ya sa safar hannu, kada kuma a zubar da ruwan wankinsa kusa da rijiya, balle a unguwannin bayan gari inda jama'a da yawa suka dogara da rijiya da burtsatse.

Ilmin gyara duk waɗannan abubuwa yana nan kusa. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna da sassan da ake koyar da zanen masana'antu, har da bugun yadi. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, hedkwatarsa tana Jos, maƙwabciyar Bauchi, ga kuma hukumar samar da ayyukan yi ta NDE. Lalle ya kamata irin waɗannan hukumomi, idan za su horar da matasa wannan sana'a, kada su tsaya ga koyar da jan roba da haɗa launi. A koya musu haɗa akwatin shanya, da karanta ma'aunin laima, da tsara shago tun kafin a kafa tebur. Su ma masu shaguna, kafin Agusta mai zuwa ta kama, ya kamata kowa ya tsaya a ƙofar shagonsa wuni guda ya ƙirga sau nawa aka ɗauki firam, sau nawa kuma aka sake shafe wanda aka riga aka shafe. Abin da lissafin ya nuna masa, shi zai gaya masa ko lokacin kiran kafinta da mai walda ya yi.